Mai Madubi da Ranar da Aka Ce wa 'Yata Ba a Ga Komai Ba

Kafin mai shayin bakin asibiti ya gama hura wuta ta riga ta iso. Da ƙafa take zuwa, jaka a kafaɗa, tana ɗan jan ƙafar dama saboda ciwon gwiwa. Ta gaida mai gadi, ta ɗaga mini hannu daga nesa, ta bi ta bayan ɗakin haihuwa zuwa wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon tankin ruwa. Ba ta zama tukuna. Sai ta rataye mayafi, ta sa farar riga, ta wanke hannu, sannan ta buɗe wani akwatin ƙarfe mai ɗumi kamar ƙarƙashin kaza mai kwanci. A ciki akwai 'yan farantai masu murfi. Ɗaya bayan ɗaya take ɗaga su wajen hasken taga, tana duba abin da ya tsiro a kai tun jiya. Wani ta ajiye shi gefe, wani ta mayar da shi ɗumi, wani kuma ta daɗe tana kallonsa tana girgiza kai.

Sai ta gama da farantan take buɗe wa jama'a ƙofa. Masu ciki ne suka fi cika bencinta. Wata jini za a ɗiba, wata fitsari, wata kuma abin da ya kawo ta ba ya faɗuwa a gaban mutane, sai dai ta yi ta murza bakin gyale tana kallon ƙasa. Irin wannan ba a yi mata magana ta taga. Ciki ake kiranta, a tura ƙofa. Sauran yinin kuwa a sunkuye yake ƙarewa, ido a bakin madubin nan mai nuna ƙwayoyin cuta, har wani zagaye ya zauna mata a gefen idanu kamar mai sa tabarau. Shi ya sa duk unguwa Mai Madubi muke ce mata.

Shekara da shekaru ina ganin wannan, domin rumfata tana daura da ƙofar asibitin, inda nake sayar da guga da igiya. Ni da nake rubuta wannan ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da 'yan aji suka fi ni da shi ba in ban da takalmi mai ƙyalli. A jikin buhun siminti na koyi baƙi, ina tsare masu wucewa ina tambaya. Ƙasa-ta-ƙi ake ce mini. Haƙa rijiya na yi tun gashina yana baƙi har ƙugu ya ce ya gaji. Rijiya ta rufta da ni, aka tono ni da yamma ina tambayar abinci. Ta sake ruftawa da ni a wani gari, har mata sun fara kuka, na fito ina faɗa da wanda ya taka mini hula. Maciji ya sare ni a ƙasan rami, shi ya kwana can ni na hau. Kwalara ta share layinmu ta tsallake ƙofata. Na jero muku wannan ne don ku san wane ne ya ji tsoron da zan ba ku labari. Ba ƙaramin mutum ba ne.

Ƙarshen watan nan Mai Madubi za ta ajiye aiki. Na ji ana cewa za a yi ɗan taro a tsakar asibiti, a sha lemo, a tafa. Lemo ba ya isa. Shi ya sa na ɗauki biro. Kuma tunda maganar ta shafi jikin 'yata, sai da na nemi izininta. Ta ce, “Rubuta, Baba. In wata ta karanta ta huta da abin da na sha, kunyar ta biya.”

Ba ni kaɗai nake da shaida a kanta ba. Ku tambayi wanzamin layinmu. Shi ya taɓa zuwa asibitin nan yana huci, wai matarsa mai ciki ta kwaso ciwon da shi ba shi da shi, sai an faɗa masa inda ta samo. Mai Madubi ta bar shi ya gama, ta ce ya shigo ya sa ido a madubi. Ya sa. Ta ce masa abin da yake gani mata da yawa suna ɗauke da shi a jikinsu lafiya lau, ciki ne ke ba shi dama ya yi yawa, ba sai an samo shi wurin kowa ba. Wanzami ya fito ya ratso titi ya zauna a rumfata. Sai ya ce, “Baba, saura kaɗan in rushe gidana a kan abin da ko ganinsa ba a yi.” Yau ɗan da aka haifa shi ke ɗaukar masa jakar aska.

To ga nawa.

'Yata ita kaɗai gare ni. Uwata nake ce mata. Mahaifiyarta ta rasu wurin haihuwarta, ni da ƙanwata muka raine ta, har yau kuma gwaggon tata tana gidana. Da ta yi aure ta samu ciki, mijinta yana can nesa wurin aikin gina gada, sai ta dawo wurinmu don kada ta zauna ita kaɗai.

Ni mutumin ruwa ne. In ruwa ya ragu a duro na san ya ragu, kuma ina so in san inda ya tafi. Tun dawowarta duron gidanmu ba ya kai yamma. Tana sha kamar wadda ta yi noma, kuma buta ba ta sauka daga hannunta. Banɗaki kullum warin sabulun magani. Na lura ba ta zama sosai a kujera, sai ta ɗosana a gefe, ta tashi, ta jingina da bango, ta sake komawa. Tafiyarta ma ta canja. Idanunta sun faɗa don rashin barci.

Na ce, “Uwata, me ke damunki?”

Ta ce, “Ba komai, Baba. Nauyin ciki ne.”

Na samu ƙanwata a kicin. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, “Yaya, maganar mata ce. Koma kan igiyarka.”

“'Yata ce.”

“Ni kuma a bayana ta girma. Ɗan sanyi ne, kowace mace tana yi. Muna magani.”

Daga baya na san irin maganin. Maƙwabciyarmu ta kawo ragowar wani na sakawa da ya yi wa 'yarta aiki. Aka yi, ya lafa kaɗan, ya dawo. Aka sayo sabo irinsa a kemis, aka haɗa da kafso. Abu ya ƙara gaba. Ƙaiƙayi da zafi da wani farin ruwa mai kauri, har fatar wurin ta tsage. Duk wannan yarinyar nan tana haɗiyewa, don ba ta da uwar da za ta faɗa wa, uba kuma ba a kai masa irin wannan.

Ranar awon ciki ta daure ta faɗa wa ungozomar asibiti. Ungozoma ta tura ta ɗakin Mai Madubi, aka ɗauki abin da za a ɗauka da ɗan tsinke mai auduga a kai, aka ce ta dawo. Ranar da ta koma ina rumfata ina kallon ƙofa. Ta fito, ta ratso titi a hankali, ta tsaya a gabana ta ce, “Baba, sun ce ba su ga komai ba.”

Igiyar da nake naɗewa ta zube daga hannuna.

Dole in gaya muku dalili. Mahaifiyarta ma haka ta yi fama da wani abu a cikin nata cikin, tana ɓoyewa, tana ramewa a fuska. Na kai ta wani asibiti a can garin da muke a lokacin. Suka duba suka ce ba su ga komai ba, mu je gida. Muka je gida. Ranar haihuwa ta daɗe tana naƙuda, jaririya ta zo da girman da ungozomar ta ce ba ta saba gani ba, jini ya ɓalle, kafin la'asar an rufe ta. Tun daga ranar babu maganar da nake tsoro a duniya kamar “ba mu ga komai ba.” Rijiya in za ta rufta tana ba da alama, ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan a wuyanka, ka san abin da kake ciki. Amma a ce maka babu komai alhali kana ganin mutum yana narkewa, wannan ramin ba shi da bango da za ka dafa.

A gida ƙanwata ta yanke hukunci. Ta ce, “Ka ji ko? Ba na asibiti ba ne. Dama na faɗa.” Kafin magariba ta je wurin wata mata mai haɗe-haɗe ta dawo da kwalba, da wani baƙin abu a ciki mai warin da ke hawa ka. Wai a jiƙa auduga a saka, a kuma sha cokali. Na ce ba za a sa wa mai ciki abin da ban san sunansa ba. Ta ce, “To kai likita, kawo naka.” Ba ni da nawa. Na tsaya a tsakar gida kamar an dasa ni, kwalba tana kan taga, 'yata tana ɗaki tana kuka ƙasa-ƙasa don kada in ji.

Washegari da yamma, an tashi daga aiki, sai na ga Mai Madubi ta fito ba ta bi hanyar gidanta ba. Ta ratso titi ta tsaya a rumfata. Ta taɓa wani guga kamar mai ciniki, sannan ta ce, “Baba, mai cikin nan da ta tsaya wurinka jiya, 'yarka ce?”

“Ita ce.”

“Ina so in gan ta. Gidan da nisa?”

Na ce, “Ai kun ce ba ku ga komai ba.” Da zafi na faɗa, ba zan ɓoye ba.

Ta ce, “Farantina ne bai ga komai ba. Ni na ga tafiyarta.”

Muka jera, ita tana jan ƙafa ni ina jan ƙugu. A hanya ta ce mini tun ranar da ta karɓi tsinken hankalinta bai kwanta ba, domin ƙamshin sabulu yake yi. Ta ce ta so ta tsare ta jiya su yi magana, aka kira ta ɗakin haihuwa, kafin ta dawo yarinya ta karɓi amsa ta tafi.

A gida ta shiga ɗaki wurinsu, ni na zauna a bakin ƙofa. Ba laɓe na yi ba, muryar ƙanwata ce ba ta san bango ba.

“Ni na ce ta wanke sosai, ciki da waje. Za a je a buɗe jiki a gaban mutane haka nan? A ce 'yar gidan wa?”

Mai Madubi ta ce, “Da maganin sakawa fa, Gwaggo?”

“Shi ma ta sa kafin ta kwanta. Don a ga muna ƙoƙari.”

Na zaci za ta yi musu faɗa. Sai na ji ta yi 'yar dariya ta ce, “Da uwata ce ma haka za ta sa ni in yi. Amma kin ga, Gwaggo, kamar a kira mai kama ɓera ne, a share gida a toshe ramuka kafin ya zo. Zai ce babu ɓera, ɓera kuwa yana ciki yana jin ku.”

Ke nan tsafta da kunya ne suka ɓoye ciwon. Ba mugunta, ba sakaci. Mata biyu masu son a gan su fes.

Da ta fito ta tsaya a kaina ta faɗa mini sharaɗinta, da izinin 'yata. A dakatar da komai na 'yan kwanaki. Ba sabulu, ba na sakawa, ba kafso, ruwa zalla a waje kawai. Sannan ta dawo a sake ɗauka, yadda take, ba gyara. In kuwa ta ga jini, ko ruwa ya tsinke, ko zazzaɓi, ko motsin ɗa ya ragu, kada a jira komai, a kawo ta. Idonta ya kai kan kwalbar da ke taga. Ta ɗauka ta buɗe ta shinshina, ta rufe da sauri. Ta ce, “Baba, wannan ban san me ke ciki ba, wadda ta haɗa ma ban tabbata ta sani ba. Akwai ɗa a cikin nan. Ko ƙwayar sha ta wannan ciwo da ake sayarwa a kemis ba a ba mai ciki ita haka kawai, balle wannan.”

Kwanakin nan su ne mafi tsawo da na taɓa yi a bayan ƙasa. An hana magani, ciwo kuwa ba a hana shi ba. Ina ganin yarinyar nan tana cije leɓe, tana damƙe bakin gado. Ƙanwata tana wucewa ta gabana tana cewa, “Kai da baƙuwarka za ku kashe ta da jira.” Kwalbar nan kuwa ban yarda na bar ta a gida ba. Kullum da safe sai in sa ta a cikin guga in tafi da ita rumfa, in dawo da ita da yamma in kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Ina tsoron a ba ta. Ina kuma tsoron kada ya zama ita ce maganin, ni na hana. Wanda bai taɓa riƙe abu yana tsoronsa ta fuska biyu ba, ba zai gane ba.

Aka sake ɗauka. Aka shafa a faranti aka sa a akwatin ɗumi, domin abin sai an shuka shi kamar iri, a jira ya tsiro. Ana cikin jiran wutar lantarki ta ɗauke tun safe. Mai gadi ne ya ba ni labari, ya ce bai taɓa ganin Mai Madubi ta ɗaga murya ba sai ranar. Mai kula da janareta ya ce sai an jima zai tayar, ta je ta tsaya a kansa ta ce, “Ɗana, akwai mata a cikin akwatin can. In ya huce sai su sake jira daga farko, kuma ba kai ne kake kwana kana susa ba.” Ya tashi ya tayar.

Ranar da aka kira mu na raka ta har bencin. Ta shiga, aka tura ƙofa. Jim kaɗan ƙofar ta buɗe, na ji muryar 'yata tana cewa, “Anti, ki nuna wa Baba. Ko ya daina kallona kamar gawa.”

Ashe ta sani. Duk ɓoye fuskar da nake yi, ashe tana karantawa.

Na shiga. Ni da na shiga ramukan da fitila ke mutuwa a cikinsu, sai ga ni ina tsoron ɗakin da bai fi rumfata ba. Mai Madubi ta gyara mini kujera ta ce in rufe ido ɗaya in na ga dama. Da farko haske kawai na gani. Ta murɗa wani abu, sai ga su. Ƙanana, zagaye-zagaye, wasu da ɗan ƙaramin a manne a jikinsu kamar uwa da goyo.

Na ce, “Su ke nan?”

“Su ke nan. Dangin fumfuna ne, Baba, irin wadda ke fitowa a burodin da ya kwana biyu, da yis ɗin da ake kwaɓa shi da shi. Kandida ake ce wa gidansu. Amma gida ne mai 'ya'ya da yawa, kuma halinsu ba ɗaya ba.”

Ta ɗauko farantai ta jera a gabana. Wani ya tsiro da ɗige-ɗige kore. Ta ce wannan shi ne babban ɗa, albikans, shi ya fi kama mata, kuma yawanci yana jin maganin sakawa da aka saba bayarwa. Mai yiwuwa shi ne ya kama 'yar maƙwabciyarmu, shi ya sa maganinta ya yi mata. Wani farantin shuɗi ya yi. Wani kamar an barbaɗa hoda. Sannan ta ɗaga na 'yata. Ɗige-ɗige ne masu santsi, launinsu tsakanin fari da shunayya.

Ta ce, “Launi hanya yake nunawa, sai na ƙara wani gwaji kafin in rantse. Amma na fi zaton gilabrata ne. Shi wannan taurin kai gare shi. Maganin da kuka yi ta sakawa yana iya taɓa shi ya bar shi da rai. Kafso kuma da aka haɗa mata, ƙwayoyin kirki masu gadin wurin ya kashe, ya bar masa fili.”

Na ce, “Yana kisa?”

“Shi kansa wahalarwa ya fi yi. Ba shi ne ya hana ni barci ba.” Ta juya wurin 'yata. “Kin ce kina yawan jin ƙishi?”

Ni na amsa. Na ce duron gidanmu ba ya kai yamma.

Ta ce irin wannan mai taurin kan, da ciwon da ke ta dawowa, wani lokaci suna bin jikin da suga ya yi wa yawa. Ba kullum ba, amma ba za ta bari a wuce ba a duba ba. Da kanta ta ɗauki farantin ta je wurin ungozoma, su biyu suka shiga wurin likita. Likita ya sa aka ba 'yata wani ruwa mai zaƙi ta sha, aka ɗibi jini, aka jira, aka sake ɗiba. Suga ya hau. Irin wanda ciki ke kawowa. Likita ya zaunar da mu ya yi bayani ba gaggawa, ya ce in ba a kula ba ɗa yana iya yin girman da zai wahalar wurin fitowa, uwa ta jigata.

Ban ji sauran ba. Kunnena ya toshe. Na fita na tsaya a jikin tankin ruwa ina riƙe da ƙarfe. Mai Madubi ta biyo ni. Na ba ta labarin matata duka, abin da ban taɓa faɗa wa kowa a unguwar nan ba. Na ce, “Ke nan abin da ya ɗauke ta ke nan?”

Ta ce, “Ban gan ta ba, Baba. Ba zan faɗi abin da ban gani ba. Amma wannan na gan ta, likita ya gan ta, kuma da sauran lokaci.”

Mai Madubi, ke ce mai ido a inda ido ba ya kaiwa. Da kin so, da kin ce aikinki ya ƙare ranar da faranti ya fito fari, kuma babu wanda zai tuhume ki. Ba ƙarya kika yi ba, abin da aka ba ki kika auna. Amma ƙamshin sabulu a jikin ɗan tsinke ya hana ki sakat, har kika taka da gwiwa mai ciwo zuwa gidan mai sayar da guga.

Likita ya rubuta wani maganin sakawa daban, wanda ya dace da mai ciki, na kwanaki masu yawa, ya ce ko ta ji sauƙi kada ta tsaya sai ya ƙare. Sauƙin bai zo da gudu ba, amma ya zo. Ranar da na ga Uwata ta zauna daram a kujera ta miƙe ƙafa tana gyangyaɗi, na fita waje don kada a ga fuskata. Aka canja mata ci, aka rage zaƙi, ana auna suga a kai a kai. Ƙanwata da kanta ta zama 'yar sanda a kicin, ko ni ta hana ni sukari a shayi, wai don kada yarinya ta gani ta yi kwaɗayi. Kwalbar kuwa ita ta zubar da ita da hannunta, ta ce dama warinta bai yi mata ba.

Amma kada ku zaci tsoro ya tafi. Ƙaiƙayi ya tafi, haihuwa tana gaba. Duk sanda cikin ya ƙara girma sai in tsura masa ido. Ina kallonsa ina aunawa da ido kamar yadda nake auna bakin rijiya.

Naƙuda ta tashi da hantsi. Surukina ya iso tun kafin ranar, muka zauna a barandar ɗakin haihuwa, shi yana ta danna waya ba ya ganin abin da yake dannawa. Rana ta take. Aka yi azahar. Ina jin muryarta daga ciki, sai ta ɗauke, sai ta dawo. Can sai na hango Mai Madubi ta fito daga ɗakinta da sauri, ba ta ko jan ƙafar, riƙe da wani ɗan akwatin sanyi. Na san abin da ake sakawa a irinsa. Jini ne. Ta wuce ta gabana ta shiga.

Na miƙe. Na ce shi ke nan, an maimaita mini. Abin da na riƙa faɗa ban sani ba, an ce dai har daga bakin titi ana jina. Duk abin da na tsallake a duniya ya zama banza a wurina. Me ya amfane ni in na tsira daga komai don in zo in rufe 'yata?

Ƙofa ta buɗe. Mai Madubi ce, akwatin yana hannunta. Surukina ya tare ta yana tambaya, ta ce masa namiji ne, yana lafiya, ana duba sugansa. Ni ban tambayi wannan ba.

Na ce, “Ita fa?”

Ta ɗaga akwatin ta nuna mini. “Ko buɗe shi ba a yi ba. Tun makon jiya na tanada, na kai ne don ko-ta-kwana. Tana nan, Baba, idonta biyu. Ta ce a faɗa maka ka rage murya, kana ba ta kunya.”

Na zauna a ƙasa. Nan na ga dama.

Mai Madubi, ba ni da abin da zan ba ki. Amma ina da baki, kuma yanzu ina da biro. Na gode. Ƙanwata ta gode, ko da yake ta ce in rubuta cewa ita ma ta fara zargin ƙishin nan tun da wuri. Allah ya ba ki hutu mai lafiya, ya sa ki samu mai kula da ke yadda kika kula da 'ya'yan mutane.

Ni dai tafiyarki tana ba ni tsoro, ba zan yi ƙarya ba. Ku matasan da za ku gaji ɗakin nan, na ga kuna da ilimi da hanzari, Allah ya ƙara. Abu ɗaya nake roƙonku. In faranti ya ce babu komai, ku ɗaga kai ku dubi wadda ta kawo shi, yadda ta shigo da yadda ta zauna. Ku mata masu ciki, in za a ɗauki awon irin wannan ciwo, ku tambayi ungozoma abin da za ku bari kafin ku zo, kada ku wanke shaida don kunya. Kuma maganin da ya yi wa maƙwabciya ba lallai ya yi muku ba, ƙwayar ba ɗaya ba ce. Ku kuma iyaye maza, in an ce mana maganar mata ce, to, mu yi shiru, amma mu raka su har bencin.

Ni yanzu na tsufa, ban san saura nawa ba, kuma ban damu ba. Duk ranar da tawa ta zo, 'yata ce za ta zauna a tsakar gida ana yi mata gaisuwa, ba ni za a yi wa tata ba. Haka nake roƙo tun ranar da aka miƙo mini ita a zani ba uwa, kuma ta hannunki, Mai Madubi, Allah ya amsa.